Ɗan kwikwiyon Jaman Shefad mai wata 4: ina girmansa zai tsaya, kuma me ya kamata ya ci?

Wani bawan Allah daga Kano ya aiko da tambaya. Ya sayi ɗan kwikwiyo namiji, jinsin Jaman Shefad, don gadin gida da gonarsa. Yanzu yana da wata 4, nauyinsa kilo 15. Wanda ya sayar masa ya ce zai kai kilo 50 ko ma fiye, amma ya ga na maƙwabcinsa, sa'ansa, ya fi shi jiki nesa ba kusa ba. Yana ba shi shinkafa da ƙanzo da naman da yake samowa daga mahauta, da madara da safe, yana kuma ƙara masa ƙwayar kalsiyam, wato sinadarin da yake gina ƙashi, bisa shawarar da aka ba shi, saboda kunnuwansa da suka miƙe a da sun sake kwantawa. Yana so ya san ko kwikwiyon ya tsumbure ne, da iya girman da zai kai, da abin da zai ba shi ya yi saurin girma.

Malam, bari in fara kwantar maka da hankali: kilo 15 a wata 4 ba tsumburewa ba ce. Abin da ya fi damuna a wasiƙarka shi ne kalmar "saurin girma" da kuma ƙwayar nan ta kalsiyam, kuma a kansu zan fi daɗewa.

Wannan kare asalinsa makiyayi ne. Wani tsohon hafsan sojan doki na Jamus, Max von Stephanitz, shi ne ya kafa ƙungiyar masu kiwon jinsin a 1899, bayan ya sayi wani kare da ya sa wa suna Horand von Grafrath, wanda ya zama na farko a littafin rajistarsu. Aikin da aka so karen ya yi shi ne ya wuni yana sassarfa a gefen garken tumaki, yana hana su faɗawa gonar mutane. Kare mai irin wannan aiki ba ya buƙatar jikin ɗan maraƙi, yana buƙatar ƙafa mai juriya da numfashi mai tsawo. Shi ya sa ma'aunin jinsin da ƙungiyar masu kiwon karnuka ta duniya take bi ya ce namiji ya kasance santimita 60 zuwa 65 daga ƙasa zuwa doron kafaɗa, nauyinsa kilo 30 zuwa 40. Mace kuwa santimita 55 zuwa 60, kilo 22 zuwa 32. Sunan Alseshiyan da wasu ke kiransa da shi a nan, Turawan Ingila ne suka laƙaba masa bayan yaƙin duniya na farko don ƙin ambaton Jamus, amma kare ɗaya ne.

To ka ga kilo 50 ya fita daga ma'aunin. Akwai karnukan wannan jinsi da suke kai hakan, amma yawancin waɗanda na ɗora a sikeli suka kai wannan nauyi, ko dai kitse ne ya yi musu yawa, ko kuma akwai jinin wani babban jinsi a jikinsu. Mai sayarwa yana faɗin babban adadi ne domin ya san mai saye girma yake so. Kada ka ɗauki maganarsa a matsayin ma'aunin da za ka auna kwikwiyonka da shi.

Ga yadda nake yin kirdado. Kwikwiyon babban jinsi yakan kai kusan rabin nauyin girmansa a tsakanin wata 4 zuwa 5. Idan ka ninka kilo 15 sau biyu ka ɗan ƙara, za ka ga naka zai tsaya a wajen kilo 30 zuwa 34. Wannan kare ne cikakke, yana cikin ma'auni, zai yi maka gadi yadda kake so. Amma kirdadon ya dogara da cewa watannin da aka faɗa maka gaskiya ne, don ana yawan ƙara wa kwikwiyo makonni a baki domin a raba shi da uwarsa da wuri. Buɗe bakinsa ka duba. Kwikwiyo yana da haƙoran nono 28, ƙanana masu tsini kamar allura. A wajen wata 4 ƙananan haƙoran gaba suke fara zubewa, manya su fito, fiƙoƙi su biyo baya a wata 5 zuwa 6, kafin wata 7 kuma haƙoran girma 42 sun cika. Idan nasa na gaba sun fara canzawa, watanninsa daidai ne. Idan duk na nono ne ba ko ɗaya da ya motsa, mai yiwuwa bai kai wata 4 ba, ka ga ke nan kilo 15 ɗin ma ya ɗara abin da ake tsammani.

Abin da ya fi kowane lissafi shi ne ka ga uwa da uba da idonka. Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Ɗa namiji yakan tsaya kusa da ubansa, mace kusa da uwarta. Girman dagi da mutane suke dubawa ba ya faɗin komai tabbatacce, don kusan kowane kwikwiyon wannan jinsi ƙafafunsa sukan riga jikinsa girma.

Yanzu ga abin da nake so ka riƙe. Iyakar girman kare a jininsa take, an gama rubuta ta tun yana ciki. Yunwa da cuta suna iya hana shi kaiwa wannan iyaka, amma babu abincin da zai sa ya wuce ta. Abin da yawan abinci yake yi kawai shi ne ya sa ya isa can da wuri, kuma a babban kare wannan gaggawar ita ce take lalata ƙafa.

Dalili kuwa yana cikin yadda ƙashi yake tsawo. A kusa da ƙarshen kowane dogon ƙashi na kwikwiyo akwai wani faifan guringuntsi mai taushi. Daga nan ne ƙashin yake ƙaruwa: guringuntsi ya tsiro, sannan ya taurare ya koma ƙashi. A wannan jinsi faya-fayan ba sa gama rufewa sai tsakanin shekara 1 zuwa wata 18. Tsawon kare yakan kusa kammala a shekara ɗaya, amma faɗin ƙirji da kaurin wuya da cikar kai suna ci gaba har shekara 2, wasu mazan ma har 3. Tsakanin wata 5 zuwa 10 za ka ga ya zama zanƙalele, ƙafafu dogaye, ciki a ɗame, kamar ba ya cin abinci. A daidai wannan lokaci ne masu karnuka suke ruɗewa su ninka masa kwano, alhali haka halittarsa take a wannan mataki. Idan aka ɗora nauyi mai yawa a kan ƙashin da bai gama taurara ba, gaɓar kwankwaso da ta gwiwar ƙafar gaba su ne suke fara biyan bashin. Jaman Shefad dama yana cikin jinsunan da suke gadon sakin gaɓar kwankwaso, inda kan ƙashin cinya ba ya zama daram a cikin raminsa, yana wasa, har gaɓar ta cinye kanta ta zama amosanin ƙashi. Gado ne yake kawo cutar, amma ƙiba a ƙuruciya ita take fito da ita fili ta kuma tsananta ta.

An gwada wannan a aikace. A Jami'ar Cornell ta Amurka, a binciken da aka buga a 1974, an ba wasu 'yan kwikwiyon jinsin Great Dane abinci iya cinsu, aka taƙaita wa 'yan'uwansu, sai cututtukan ƙashi suka fi bayyana a jikin waɗanda aka sakar wa kwano. Daga baya kamfanin Purina ya bi karnuka 48 jinsin Labrador tun suna 'yan makonni har ƙarshen rayuwarsu. An haɗa su biyu-biyu 'yan ciki ɗaya, ana ba ɗaya kashi 25 cikin 100 ƙasa da abin da ɗan'uwansa ya ci. Waɗanda aka rage wa sun fi samun lafiyayyen kwankwaso, amosanin ƙashi ya jinkirta zuwa musu, kuma a sakamakon da aka buga a 2002 sun fi 'yan'uwansu tsawon rai da kusan shekara 2. Saboda haka idan kwikwiyon maƙwabcinka ya fi naka jiki don an fi cika masa kwano, ba abin sha'awa ba ne a wurina. Nakan ji tausayin irin waɗannan idan aka kawo mini su suna shekara ɗaya da rabi, suna tashi da ƙyar, suna haɗa ƙafafun baya biyu suna tsalle kamar zomo idan za su yi gudu.

Ma'aunin da ya fi sikeli amfani yana hannunka. Shimfiɗa tafin hannunka a gefen ƙirjinsa ka shafa. Ya kamata ka ji haƙarƙarinsa ɗaya bayan ɗaya ba tare da ka danna ba, kamar yadda kake jin ƙasusuwan bayan hannunka idan ka shafa su. Idan sai ka danna kafin ka ji su, kamar tsokar tafin hannu, ya yi ƙiba. Idan kuma suna fitowa a ido tun daga nesa, ƙasusuwan kwankwaso sun yi tsini, ya rame. Tsaya a kansa ka duba daga sama, ka ga ƙugu ya ɗan tsuke bayan haƙarƙari. Gashin wannan kare yana ɓoye jiki, don haka ido kaɗai ba ya isa, sai an taɓa. Ka riƙa yin haka kowane mako.

Mu zo kan kalsiyam, inda amsar take da fuska biyu, kuma a ƙasarmu duka biyun ina ganinsu.

Fuska ta farko ita ce rashi. Tsokar nama tana da sinadarin fosfaras mai yawa, kalsiyam kuwa kaɗan ƙwarai. Haka hanta da tumbi da huhu, haka shinkafa da tuwo. Kwikwiyo mai girma yana buƙatar sinadaran biyu su zo kusan kai ɗaya, kalsiyam ya ɗan ɗara. Idan abincinsa nama ne da hatsi zalla, jiki ba zai bar kalsiyam na jini ya sauka ba, don zuciya da jijiyoyi da shi suke aiki, sai ya koma yana ɗebowa daga ƙashi. Ƙasusuwa su yi sirara kamar kara, ƙafafun gaba su lanƙwashe, dagi ya baje, kwikwiyo ya daina son tashi. An taɓa kawo mini wata 'yar kwikwiyo mai wata 5 da ta diro daga dakali, tsawon da bai kai gwiwar mutum ba, ƙashin cinyarta ya lanƙwashe ya karye. Mai ita mutum ne mai ƙaunarta, kullum sai ya saya mata tsokar nama mai kyau, ba ya ba ta komai sai shi. Da na nuna masa hoton ƙashin, bangon ƙashin ya yi siriri har da ƙyar ake ganinsa, idonsa ya cika da hawaye. Ta warke bayan an gyara abincin an killace ta makonni, amma ƙafar ba ta koma miƙe sarai ba. Abincin da ka lissafa, shinkafa da ƙanzo da nama, yana kan wannan hanya, kuma kofin madara ɗaya ba zai cike giɓin ba.

Fuska ta biyu ita ce yawa. Karen da ya gama girma idan ya ci kalsiyam fiye da bukata, hanjinsa yana rage abin da yake tsotsa. Kwikwiyon da bai kai kamar wata 6 ba bai iya wannan ba, abin da aka zuba masa mai yawa yana shiga jini. Masu bincike a Jami'ar Utrecht ta ƙasar Holan sun nuna tun shekarun 1980 cewa yawan kalsiyam yana hana guringuntsi taurara yadda ya kamata a manyan jinsuna, yana kawo tsagewar guringuntsin gaɓa da karkacewar ƙafar gaba. A can ne kuma aka nuna cewa yawan furotin ba shi ne mai laifi ba, saɓanin abin da ake ta faɗa cewa nama yana karya ƙafar kwikwiyo. Saboda haka ne hukumar da take tsara ma'aunin abincin dabbobi a Amurka ta sa wa abincin 'yan kwikwiyon manyan jinsuna ƙasa da sama: kalsiyam kada ya gaza kashi 1.2 cikin 100 na busasshen abinci, kada kuma ya wuce 1.8. Tazarar ƙarama ce, ba abin da za a yi da ka ba ne.

To ina ƙwayar da kake ba shi ta faɗa? Ya danganta da abin da yake cikin kwano. Idan ka koma ba shi cikakken abincin buhu na 'yan kwikwiyo, ka daina ƙwayar a ranar, don kalsiyam ɗin da yake buƙata yana ciki, ƙari kuma cutarwa ne. Idan za ka ci gaba da dafa masa a gida, yana buƙatar kalsiyam tabbas, amma da awo, ba ƙwaya ɗaya yau biyu gobe ba. Kuma kunne ba shi da alaƙa da wannan. Kunne guringuntsi ne, ba ƙashi ba. Kunnen Jaman Shefad yakan miƙe, ya kwanta a lokacin canjin haƙori, ya sake miƙewa idan haƙoran sun gama fitowa. Tunda nasa sun taɓa tsayawa, kusan tabbas za su koma. Ka bar su, kada a riƙa murza su ko ja, ka ba shi abin tauna mai tauri wanda ba ya farfashewa. Idan ya wuce wata 7 ba su tashi ba, sai a kai wa likita ya duba.

Shawarata, idan aljihu zai ɗauka, ita ce abincin buhu ya zama ginshiƙin cinsa har ya cika shekara. Na san tsadarsa, musamman yanzu, amma wannan shekarar guda ita ce take gina ƙafar da zai taka shekara 10. Ka nemi wanda aka rubuta a jikinsa cewa na 'yan kwikwiyon manyan jinsuna ne, ka juya buhun ka karanta: furotin kada ya gaza kashi 22 zuwa 23 cikin 100, kalsiyam ya faɗa cikin tazarar da na ambata. Ka duba ranar lalacewa, ka shinshina. Kada ka sayi wanda aka farke buhu ana aunawa a kwano a rana, don maiƙon da yake ciki yana yin ɗoyi a zafinmu, kuma ba ka san abin da aka gauraya ba. A gida ka rufe shi a bokiti mai murfi, a inuwa.

Game da yawa, akwai lissafin da muke yi. Kwikwiyo mai kilo 15 a wata 4 yana buƙatar wajen kalori 1,300 a rana. Yawancin busasshen abinci yana da kalori 350 zuwa 400 a kowane giram 100, ka ga ke nan wajen giram 350 a rana, a raba uku. Wannan mafari ne kawai. Adadin da ake rubutawa a bayan buhu sau da yawa yakan ɗan yi yawa, hannunka a kan haƙarƙarinsa shi ne alƙali: idan sun fara ɓacewa ka rage kashi ɗaya cikin goma, idan sun fito da yawa ka ƙara kamar haka. Ka sami ƙaramin sikelin kicin ka auna sau ɗaya, ka yi wa gwangwani alama, kowa a gidan ya riƙa amfani da shi. Sau uku a rana har wata 6, daga nan sau biyu har ƙarshen rayuwarsa. A ajiye kwano minti 15 zuwa 20, abin da ya rage a ɗauke. Kada a bar abinci a gabansa wuni guda. Duk wani ƙari, ƙwai ne ko nama ko kindirmo, kada ya wuce kashi ɗaya cikin goma na cinsa. Mutane da yawa suna haɗa rabi abincin buhu rabi shinkafa da nama don buhun ya daɗe, amma hakan yana tsinka sinadaran ya mayar da kai kusa da matsalar farko. Sauyin abinci kuma a yi shi a hankali cikin mako guda, ana ƙara sabo ana rage tsoho, don cikin wannan jinsi ba ya son canjin farat ɗaya.

A bazara zai rage ci, wannan ba cuta ba ce. Ka mayar da manyan cin nasa sassafe da bayan faɗuwar rana, ruwa mai sanyi ya kasance a gabansa kullum a inuwa. Gashinsa riɓi biyu ne, an yi shi don sanyin Turai, zafin watan Afrilu na Kano yana wahalar da shi fiye da karenmu na gida.

Idan dafawa a gida ita ce abin da za ka iya, ba laifi ba ne, amma aiki ne. Abin da nake ba mutane a matsayin ƙashin baya shi ne wajen rabin kwano ya zama daga dabba: nama, kayan ciki, kifi, dafaffen ƙwai. Kamar kashi ɗaya cikin uku ya zama hatsin da ya dahu lugub, shinkafa ko masara ko dankali, sauran kuma kabewa da karas da ɗan ganye, da cokalin mai. Hanta tana da amfani amma kaɗan, kada ta wuce kashi 5 cikin 100, don yawanta yana tara bitamin A har ya cutar da ƙashi. Sai kalsiyam: kwikwiyo yana buƙatar wajen giram 3 a kowace kalori 1,000, wato naka wajen giram 4 a rana. Ɓawon ƙwan kaza guda, idan aka wanke aka busar aka daka ya yi laushi, yana ba da kusan giram 2. Sai dai ɓawon ƙwai ba shi da fosfaras, kuma mai girma yana buƙatar duka biyun, shi ya sa garin ƙashi mai tsabta ko ƙananan busassun kifi da ake ci da ƙayarsu, waɗanda ba a cika musu gishiri ba, suke da amfani a haɗin. Har yanzu za a rasa wasu ƙananan sinadarai irin su zinki da aidin da bitamin D. Don haka kada ka tsaya a kan wannan sakin layi. Ka ɗauki jerin abin da kake iya samu a kasuwarku ka kai wa likitan dabbobi ya auna maka haɗin a takarda, a riƙa sabunta shi duk wata yadda nauyin yake ƙaruwa. Ƙanzo da sauran tuwo ba guba ba ne, amma cika ciki ne kawai. Karen gida da ya saba da su jikinsa ƙarami ne, girmansa a hankali yake, kuma yana yawo yana tsintar ƙashi da ƙwari. Naka yana tsare a gida, zai ninka nauyin haihuwarsa fiye da sau 50 cikin shekara guda, kuma abin da ka zuba masa kaɗai yake da shi.

Sauran abincin gida da miya a kai ka kiyaye. Albasa da tafarnuwa suna fasa ƙwayoyin jinin kare, ko dafaffu ne. Goro da cakulan da inabi da zabibi duk haɗari ne. Dafaffen ƙashi, musamman na kaza, yana tsagewa ya huda hanji. Masara ko gyaɗa ko ƙuli-ƙulin da ya yi funfuna yana ɗauke da gubar da take lalata hanta, kuma kare yana cikin dabbobin da ba sa jure ta. Madarar shanu tana sa 'yan kwikwiyo da yawa zawo bayan yaye. Idan kana son ba shi, cokali biyu na kindirmo marar sukari ya fi.

Akwai kuma kwikwiyon da yake ci amma ba ya gaba, kuma a nan sau da yawa ba kwano ne matsalar ba. Tsutsar ciki ce ta farko. Kusan kowane kwikwiyo da ita ake haihuwarsa ko ya sha ta a nono, alamarta ciki ƙato, gashi a hargitse, dasashi fari. Ana ba da magani tun mako 2, kowane mako biyu har mako 8, sannan kowane wata har wata 6, gwargwadon nauyi. Ta biyu kaska. Tana ɗauke da cututtukan jini, kuma ɗaya daga cikinsu an san tana yi wa Jaman Shefad tsanani fiye da sauran jinsuna: zazzaɓi, rama, haɓo. Duba cikin kunne da tsakanin yatsu kullum, a kuma yi feshin ɗakinsa, don kaskar kare a tsagar bango take ɓuya. Ba ka ambaci rigakafi ba. Idan bai kammala allurar farbo da sauran cututtukan ƙuruciya ba, wadda ta ƙarshenta ake yi a mako 16 ko bayansa, da ta ciwon hauka da ake yi daga wata 3, to wannan ya riga zancen abinci muhimmanci. Farbo tana kashe kwikwiyo cikin kwanaki da amai da zawon jini, wanda ya tsira kuma yakan yi makonni kafin ya koma kan girmansa. Sannan akwai wata cuta ta gado a wannan jinsi, inda gaɓar da take samar da ruwan narkar da abinci take shanyewa. Takan bayyana a samartaka: kare yana ci kamar ba gobe, yana ramewa, bayan gidansa mai yawa, fari-fari, mai maiƙo. Tana da gwajin jini kuma tana da magani.

Motsa jiki ma wani ɓangare ne na ginin ƙashi. Kare ne na kiwo, idan aka ɗaure shi da sarƙa ko aka kulle shi a keji wuni da kwana, tsokar cinyarsa ba za ta ginu ba, ita ce kuwa take riƙe kwankwaso. Ka bar shi ya yi wasa a sake a kan ƙasa ko yashi, ya gudu ya tsaya yadda ya ga dama, da ɗan tattaki safe da yamma. Abin da za a guje wa kafin ya shekara shi ne gudun dole a bayan babur ko keke, dirowa daga bayan mota, da yawan hawa da saukar bene. Tayil mai santsi ma yana sa ƙafafun baya su riƙa warewa. Inda yake kwana da inda yake ci a sa ƙasa ta zama mai riƙo.

Tsakanin wata 5 zuwa 18 wasu mazan wannan jinsi sukan yi ɗingishi mai yawo, yau ƙafar dama, bayan mako biyu ta hagu. Kumburi ne a cikin dogayen ƙasusuwa, yakan wuce da kansa idan girma ya tsaya, amma yana da zafi, kuma sai da hoton ƙashi ake bambance shi da ciwon gaɓa. Kada ka ba shi maganin ciwon jikin mutane, ibuprofen da diclofenac suna huda tumbin kare su lalata ƙoda. Asibitocin koyarwa na likitan dabbobi, irin na Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya, suna ɗaukar irin wannan hoto, kuma yana da kyau a ɗauki na kwankwasonsa idan ya shekara, musamman idan kana da niyyar ya yi barbara.

Idan kana tunanin fiɗiye shi, ka jinkirta. Sinadaran namiji suna cikin abin da yake rufe faya-fayan guringuntsin nan a kan lokaci. Wani bincike na Jami'ar Kalifoniya a Davis da aka buga a 2016, a kan karnukan wannan jinsi 1,170, ya sami ciwon gaɓa a kashi 21 cikin 100 na mazan da aka fiɗiye kafin shekara guda, a kan kashi 7 na waɗanda ba a taɓa ba.

Abincin manya za ka koma masa tsakanin wata 12 zuwa 15, lokacin da ka ga tsawonsa ya tsaya wata biyu a jere. Ko a lokacin kada ka mayar da shi ci ɗaya mai yawa a rana, kuma kada ya yi guje-guje nan da nan bayan ya ci, don karnuka masu zurfin ƙirji tumbinsu yana iya cika da iska ya murɗe. Idan ka ga cikinsa ya kumbura ya yi tauri, yana yunƙurin amai ba abin da yake fita, yana dalala yana kai da komo, a tafi asibiti a wannan sa'ar, ko tsakar dare ne.

A yanzu ka sami littafi ka riƙa rubuta nauyinsa duk mako biyu. Hau sikelin gida kai kaɗai, sannan ka ɗauke shi ka sake hawa, ka cire. A watannin nan ƙarin kamar kilo ɗaya a mako daidai ne, zai ragu bayan wata 6, inda nake sa ran ka gan shi a wajen kilo 21 zuwa 24. Idan mako uku suka wuce sikeli bai motsa ba, ko ya fara ƙin abinci, ka kai shi a duba, ka tafi da littafin da kwalbar ƙwayar kalsiyam ɗin da ɗan bayan gidansa na safiyar ranar a leda.